Hutun Kwana Biyu a Kaduna: Kada Ka Sauke Ta a Gidan Gwaggo

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani magidanci da yake aiki a Abuja, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Shekararmu 8 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Maiɗakina ta daɗe tana ƙorafin cewa tun da aka kawo ta ba mu taɓa zuwa wani gari mu biyu kaɗai ba, in ba biki ko ta'aziyya ba. Na nemi hutun ranar Juma'a, mahaifiyarta ta yarda ta riƙe mana yaran, na kuma zaɓi Kaduna saboda akwai jirgin ƙasa. Kuɗin da na tanada ba su da yawa, don haka na ce mu sauka a gidan gwaggona da ke Tudun Wada. Tun ranar da na faɗa mata haka ba ta sake tayar da zancen tafiyar ba. Ni kuma ban san Kaduna ba sai dai wucewa a mota. Ina za mu ci abinci, me za mu sha, ina ya kamata mu gani, kuma shin akwai laifin da na yi?"

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka ji ƙorafin iyalinka har ka ɗauki mataki, domin magidanta da yawa suna jin irin wannan magana shekara da shekaru, amsarsu ba ta wuce "sai an samu sarari". Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, tunda ita ce ta riƙe sauran. Ba ka yi laifi ba, amma ka yi kuskuren lissafi, kuma shirun da ta yi maka amsa ce cikakkiya. A wurinka gidan gwaggo gida ne, inda za ka miƙe ƙafa a kawo maka abinci ana tuna ƙuruciyarka. A wurinta kuwa gidan surukai ne. Za ta tashi tun asuba ta ɗauki tsintsiya kafin a ce matar wane ba ta da tarbiyya, za ta shiga kicin ko da an ce ta zauna, za ta ci abinci da kunya a gefen tabarma, da dare kuma mai yiwuwa a shimfiɗa mata a ɗakin 'yan mata kai kana can wajen samari. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tambaye ta inda ta baro yara, wata ma ta ƙara da cewa ita a zamaninta ba a yin haka. Matar da ta shekara 8 tana jiran kwana biyu na hutu ta hango duk wannan tun kafin ka rufe baki, kuma ba za ta iya ce maka ba ta son zuwa gidan gwaggonka ba, domin wannan magana ce mai nauyi a bakin matar aure. Shi ya sa ta zaɓi shiru.

Saboda haka kaso mafi tsoka na kuɗin da ka tanada ya tafi wajen masauki, ko da hakan zai sa ku rage yawo da sayayya. Ba sai ka nemi katafaren otal ba. Akwai ƙananan masaukai masu tsafta a unguwannin da ba su da hayaniya, kamar Unguwar Rimi da Malali da kewayen Unguwar Sarki, kuma na zaɓo maka wannan ɓangare ne saboda yawancin wuraren da zan ambata suna kusa da shi, wanda hakan zai rage muku kuɗin abin hawa. Kafin ka biya ko sisi, ka buga waya ka yi tambayoyin da hoto ba ya nunawa: ƙarfe nawa ake tayar da janareta idan an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake kashewa, akwai ruwan zafi, kuma ɗakin yana kallon titi ne ko yana ciki. Idan kun isa, ka nemi a nuna maka ɗakin da banɗakinsa kafin ka ajiye jaka. Araha ba ta ado, amma mai tsada ma yakan ba da kunya idan ba a duba ba.

Gwaggo kuwa ba za a ɓoye mata ba, don Kaduna ba ta da girman da za ka kwana biyu a cikinta labari bai kai Tudun Wada ba, kuma ranar da ta ji a bakin wani, matarka za a ɗora wa laifin. Ka kira ta tun kana Abuja, ka shaida mata cewa za ku shigo gari, kun riga kun kama masauki, kuma za ku zo gaishe ta ranar Lahadi da hantsi. Za ta yi 'yar mita, wataƙila ta ce ka mayar da ita bare, sai ka yi dariya ka ba ta haƙuri. Na zaɓi Lahadi ne da gangan, saboda lokacin tashin jirgi zai zame muku uzuri na gaskiya da ba wanda zai yi jayayya da shi. Idan kuka fara da gidanta ranar Juma'a, kafin a gama gaisuwa an ɗora tukunya, kafin a sauke an aika a kira wane da wance, kuma daga nan sai ka ga an tsara muku zagayen dangi har zuwa Kawo da Rigasa.

Game da tafiyar kanta, jirgin da ke tashi daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa ya fara aiki a 2016, tsawon hanyar kilomita 186 ne, kuma ku sa ran awa biyu da wani abu zuwa uku. Ana sayen tikiti ta intanet, kuma na ƙarshen mako yana saurin ƙarewa, don haka ka sayi na zuwa da na dawowa da zarar an buɗe sayarwa, ku kuma riƙe katin shaidarku. Tashar Rigasa tana gefen gari ne ta yamma, da 'yar tazara zuwa tsakiya, saboda haka ka yi ciniki da mai mota ko mai keke napep kafin ku hau. Idan ka dace da direba mai natsuwa, ka karɓi lambarsa ya riƙa ɗaukar ku har ku tafi.

Yanzu sai wuraren gani, kuma a nan ma ina da gargaɗi. Shekarun baya ni da maigidana mun je wani gari da niyyar hutawa, sai ya fito da takarda ɗauke da wurare tara da ya ce dole mu gani. Mun gansu duka, amma abin da na fi tunawa shi ne kumburin ƙafata da faɗan da muka yi a bakin titi a kan wace hanya ce ta fi kusa. Kada ku wuce wuri biyu a yini, kuma ku bar tsakar rana ga barci.

Idan kun samu jirgin safe ranar Juma'a, ku fara da Gidan Arewa da ke Titin Rabah, domin wurin aiki ne kuma an fi samun mai zagayawa da baƙi a ranar aiki. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, kuma nan sojoji suka kashe shi a daren 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi, yau kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ɗakin karatu da tsofaffin takardu da hotuna da kayan al'adun ƙabilun Arewa. Akwai abu ɗaya da nake so ku tuna idan kuna tsaye a harabar: uwargidansa Hafsatu tana tare da shi a daren, kuma tare aka kashe su. Mutane da yawa suna shiga su fita ba su san wannan ba, alhali ga ma'aurata shi ne abin da ya fi tsayawa a rai. Daga nan Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki ba shi da nisa, wanda a cikinsa ne marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya shafe shekaru yana tafsirin watan azumi da Rediyon Kaduna ke yaɗawa har ƙasashen maƙwabta. Ka tafi Juma'a da wuri, domin sahu yakan fito har kan titi, kuma motoci sukan tsaya cik har a idar.

Asabar da safe ku nufi gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Titin Ali Akilu. An buɗe shi a 1975, ginin kuma tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC ce ta zamanin Sardauna. Ba wani makeken wuri ba ne, awa ɗaya da rabi ta ishe ku, amma ku tsaya sosai a gaban kawunan yumɓu na Nok. An fara tono irinsu ne a 1928 wajen haƙar kuza a ƙauyen Nok da ke kudancin wannan jiha, kuma sun haura shekara 2000. Ka ce wa maiɗakinka ta dubi gyaran gashin da ke kansu da kyau, da yadda aka huda ƙwayar ido da hanci. Duk macen da na kai wurin sai ta yi mamakin ganin cewa an daɗe ana ɓata lokaci a kan kitso. A hanyarku za ku iya ratsawa ta gaban Zauren Lugga, mai ƙubba a samansa, inda majalisar dokokin Jihar Arewa da ta sarakuna suka zauna, yanzu kuma majalisar dokokin Jihar Kaduna ce a ciki. Kallonsa daga waje ya wadatar. Ka kuma sani cewa Kaduna garin sojoji ne da gine-ginen hukuma, don haka kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a inda ka ga masu kaki ba tare da ka nemi izini ba.

La'asar ɗin Asabar ta bakin kogi ce. Ku je Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, wanda sunansa na baka ya samo asali daga kirarin Sardauna, Gamji ɗan ƙwarai. A ciki akwai 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa wadda aka kafa a Zungeru a 1904, lokacin da can ne hedikwatar Turawan mulkin mallaka a Arewa, daga baya aka kwance ta aka kawo nan bayan hedikwata ta dawo Kaduna. Gadar ƙarama ce, kada ku sa ran wani abin al'ajabi. Abin da zai kai ku shi ne inuwa da iskar ruwa da samun benci ku zauna ba wanda yake kiran "Mama" ko "Baba". Ana cewa daga kadojin wannan kogi garin ya samo sunansa. Ku riƙe abin shafawa na sauro, ku kuma tashi kafin duhu ya yi. Idan tafiyar ta faɗo a hunturu, wajen Disamba zuwa Janairu, ku zo da rigar sanyi da man shafawa, domin sanyin Kaduna da ƙurarta ba sa wasa.

Wani zai ba ka shawarar ku je katafaren ginin nan mai kama da fada na Kajuru da wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980. Wuri ne mai kyau, amma yana wajen gari, sai an nemi izini tun da wuri, kuma hanyarsa ta sha fama da matsalar tsaro. Ku bar shi sai wani jiƙon.

Batun abinci shi ne inda ƙaramin aljihu ba ya cutar da kowa a Kaduna, muddin ka san lokacin kowane abu. Ba zan ambaci sunan wani gidan abinci ba, domin wanda ya yi daɗi bana kan lalace baɗi idan mai girki ta canja. Ka tambayi mai gadin masaukinku ko direbanku inda su da kansu suke ci, kuma ka lura da inda mutanen unguwa suka yi layi.

Karin kumallo na masa ne. Ku fita bayan gari ya waye ku nemi mai tuya a bakin layi, ku tsaya ku ga yadda take yi: ta ɗiga mai a kowane gurbi na tanda, ta zuba ƙullun shinkafar da ya kwana ya tashi, ta jira gefen ya yi ja kafin ta juya da ɗan cokali, tana yi tana gyara itace da ɗaya hannun. Masar da aka kwashe yanzu, bayanta da ɗan ƙarfi, cikinta fari mai laushi da 'yar tsami, ba a haɗa ta da wadda ta kwanta a kula tun asuba. Ku ce a zuba muku miyar taushe mai kabewa da alayyafo da gyaɗa, ko kuma ku ci da yaji da ƙuli idan kuna son abu marar nauyi. Washegari ku canja da koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa.

Da rana ku nemi fate. Kaduna ƙasar Zazzau ce, kuma ba banza ake tsokanar Zazzagawa da shan fate ba, sun iya shi. Faten tsaki na masara ne da aka ɓarza, a dafa da yakuwa da alayyafo da gauta, a kawo shi yana tururi, tsamin yakuwar yana tashi. Idan kun dace da faten acca, wadda ake nomawa a kudancin jihar, ku gwada shi, ya fi laushi kuma ba ya nauyi a ciki. Tuwon shinkafa da ɗanwake kuwa kuna da su a gida, kada ku ɓata cikinku a kansu.

Nama na dare ne. Bayan magariba masu tukuba suke fara aiki sosai, kuma shawarata ku sayi balangu a maimakon tsire a daren farko. Ka tsaya a gaban mai naman ka nuna yankin da kake so, rabi tsoka rabi mai ɗan kitse, ka ce a mayar da shi kan wuta ya sake ɗaukar zafi a gabanka. Zai yanka a kan takarda, ya ba ka ɗanɗano a bakin wuƙa, ya barbaɗa yaji, ya watsa albasa da tumatir da kabeji, ya naɗe. Kada ku ci a tsaye a nan. Ku sayi burodi ko gurasa, ku koma masauki, ku baje a tsakiyar ɗaki ku ci da hannu daga takarda ɗaya. Na tabbata rabon da ku ci nama ba tare da an fara raba wa yara uku ba an daɗe. A dare na biyu, idan kuna sha'awar gasasshen kifi, unguwannin da ke kudancin kogi kamar Barnawa sun yi suna a kansa. Sai dai Kaduna gari ne na kowa da kowa, wasu wuraren kifin ana sayar da giya a cikinsu, saboda haka ka leƙa ka tambaya kafin ka shigar da iyalinka, ko ka sa a naɗe muku ku tafi da shi.

Abin sha kuma yana bukatar 'yar kulawa, domin ciwon ciki ɗaya ya isa ya rushe tafiyar. Fura da nono ku sha inda ake damawa a gabanku, da kindirmo mai kauri, ku kuma tambayi irin ruwan da ake sirkawa da shi da inda ƙanƙarar ta fito. Kunun aya yana da daɗi da rana, amma yana saurin lalacewa idan ya ji zafi, don haka idan ka buɗe gora ka ji iska ta fita da ƙara ko ta yi kumfa, ka ajiye. Zoɓo mai citta da kanumfari ya fi jure yini. Da na ambaci citta, ka sani cewa yawancin cittar da ake nomawa a ƙasar nan daga kudancin Kaduna take fitowa, wajen Kachia da kewaye, kuma tana da yaji sosai. Idan kun ga mai shayi da dare, ku ce ya haɗa muku mai citta. Raken da za ku gani a baro ana ferewa kuwa, da yawansa daga Maƙarfi yake zuwa.

Kasuwa na bar ta a ƙarshe saboda nan kuɗi suke zurarewa. Babbar kasuwar da ke Titin Ahmadu Bello, wadda aka raɗa wa sunan Sheikh Gumi, tana da atamfa da leshi da turare da kayan kicin iya ganinka. Akwai lokacin da atamfar da ake sayarwa a ciki a nan Kakuri ake saƙa ta, tun daga masaƙar farko da aka buɗe a 1957, amma yau yawancin masaƙun sun rufe, kayan kuma daga waje suke shigowa. Ka ware wani adadi tun a masauki, ka damƙa mata a hannu, ka ce ta sayi abin da ranta yake so na kanta. Ka jaddada kalmar "na kanta", domin idan ba ka yi haka ba za ta fito da takalman yara da kwanon abincin makaranta. Idan tana ciniki kada ka tsaya a kanta kana duba agogo, ka nemi benci a shagon ka zauna, idan ta ɗaga turmi biyu ta tambaye ka wanne ya fi, ka duba da gaske ka zaɓi ɗaya.

Tun yau, kafin ka sayi tikiti, ka zauna da ita ka ce ka sake tunani a kan gidan gwaggo, ka karanta mata wuraren nan ka bar ta ta zaɓi waɗanda take so, ko da zaɓinta ya zama barci har ƙarfe goma na safe. Wayar yara kuma ku tsayar mata da lokaci, sau ɗaya da safe sau ɗaya da dare, don kakarsu ta raini uwarsu ta kuma san aikinta.

Ranar Lahadi ku sallami masauki da wuri, ku je gidan gwaggo da tsarabarku a hannu, ko turmin atamfa ko sabulu da goro gwargwadon hali, ku zauna awa ɗaya ko biyu ku ci abin da ta dafa, ka kuma faɗi lokacin jirginku tun a gaisuwar farko. Ku bar Tudun Wada da sauran lokaci mai yawa, domin hanyar Rigasa takan cushe kuma ana binciken kaya kafin a shiga tasha. Kada ku manta da surukarka da ta riƙe muku yara uku kwana biyu: ƙunshin kilishi da mudun busasshiyar citta su shiga jaka tun ranar Asabar, yaran kuma a yanka musu rake gaɓa-gaɓa a ɗaure a leda.